Sharhi Kan Wakilai a Wasan Medieval II: Total War

Wasan Medieval II: Total War, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi da mulki wanda kamfanin Creative Assembly ya ƙirƙira aka fitar a 2006, bai dogara ga dakaru kaɗai ba, domin akwai wakilai da ke yawo a taswira suna yi wa daula aiki. A ganina, ɗan leƙen asiri ne ya fi cancantar kuɗinsa, saboda idan ya kutsa garin abokan gaba kafin a kai hari, yakan buɗe ƙofofi, runduna ta afka ba tare da jiran kayan fasa ganuwa ba. Malaman addini ne ke biye masa, tunda garin da aka ci da yaƙi yakan yi ta bore matuƙar addinin mutanensa ya saɓa da na sarki. Limamin da darajarsa ta ɗaukaka yana iya kiran jihadi, fada, wato malamin Katolika, kuwa yana iya zama Fafaroma.

Ɗan kasuwa sai an kai shi nesa, kan zinariya ko hauren giwa, kafin ribarsa ta taka kara ta karya, kuma gogaggun abokan hamayya sukan haɗiye shi tun yana sabo. Makashi kuwa yakan kasa aikinsa sau da yawa kafin ya ƙware.