Shawarar Jarirai: Fitila ko Musayar Jini?

Idan shawara ta tsananta a jikin jariri, da fitila mai shuɗin haske ake farawa. A tuɓe shi, a rufe masa ido, hasken ya riƙa karya sinadarin bilirubin, wanda ke sa jiki ya yi rawaya, ta fata. Illolinta sun haɗa da zawo, ƙuraje da ƙarancin ruwa, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta yi aiki.

Musayar jini kuwa aikin gaggawa ne. Ta jijiyar cibiya ake zuƙe jininsa kaɗan-kaɗan ana maye gurbinsa, har kusan kashi 85 cikin ɗari ya sauya. Haɗarin ba wasa ba: shigar ƙwayoyin cuta, faɗuwar sinadarin kalsiyam a jini, rikicewar bugun zuciya, wani lokaci har rasa rai. Amma in jariri ya fara sanƙarewa, ya ƙi nono, tsayawa kan fitila kaɗai na iya barinsa da kurumta ko shanyewar jiki.