Hattara da masu tallar "ruwan ganye" na sa kifi ƙiba

Masu kiwon tarwaɗa, a buɗe ido. Wasu na yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook suna tallar wani ruwa kore shar a jarka, wai tsantsar tafarnuwa ce da citta da ganyayen Turkiyya. Wai ka kwaɓa shi da dusa kawai, kifi zai kai kilo ɗaya cikin wata biyu, ka huta da sayen abincin kamfani. Da yake abinci ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, maganar tana shiga kunne.

Makaminsu shi ne hoton takardar bincike da Turanci. Kuma gaskiya ne, a Turkiyya da Iran, inda ake kiwon kifin turawut sosai, masana sun gwada saka tafarnuwa da citta a abincinsa, wasu sun ga ɗan ƙarin girma da narkewar abinci. Amma turawut kifin ruwan sanyi ne, yana son awon zafi digiri 12 zuwa 18 na Celsius, in ya haura 20 ya fara galabaita. Tarwaɗarmu kuwa sai wajen 26 zuwa 30 take sakewa. Sannan a gwaje-gwajen nan ɗan mitsitsi ake ƙarawa a kan cikakken abinci mai wadataccen furotin. Ba wanda ya janye abincin ya bar kifi da dusa. Tarwaɗa mai tasowa tana buƙatar furotin wajen kashi 40 cikin 100, wace tafarnuwa ce za ta ba ta wannan?

Ku dubi jarkar da kyau. Ba lambar NAFDAC, ba adireshin kamfani, ba ranar lalacewa, sai sitika mai hoton ƙaton kifi da lambar waya. Kuɗi kuma sai an tura tukuna, asusun mutum ɗaya, ana ta gaggauta ka wai kaya sun kusa ƙarewa.

Wanda ya bi shawararsu, ruwan da kifinsa ke ciki ne zai fara ba shi labari: dusar da ba a cinye ba ta ruɓe a ƙasa, kumfa ta taso, wari ya cika wurin, kifi su tsaya cak a saman ruwa. Girma ya bambanta, manya su koma cin ƙanana. Ka kira mai kaya, ya ce ai laifin ruwanka ne, akwai wata jarkar ta wanke ruwa, ƙaro kuɗi. Ka matsa, ya toshe lambarka. Wasu har "wakilci" suke sayarwa, ka biya rajista ka kawo mutane, wato ka zama kai ne za ka cuci maƙwabcinka.

Duk abin da za ka saka wa kifi, fara nuna wa likitan dabbobi ko malamin gona, ko a tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta New Bussa a jihar Neja. Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa da wuri, jarkar kuma ya kai ta ofishin NAFDAC na jiharsa.