Ɗan lojik analaiza na 24MHz: kwana uku ina zagin sensa ashe ƙafa ɗaya ce a sake

To jama'a wannan ɗan baƙin abun da ake saidawa a intanet, girmansa kamar kwalin ashana, an rubuta 24MHz 8CH a jikinsa, wato lojik analaiza mai layi takwas da ke nuna maka siginar da'irar lantarki a kwamfuta, na siya na gwada, kuma gaskiya ya fanshi kuɗinsa a rana ɗaya duk da yana da nasa halin.

Abin da ya kai ni siya, mitar ruwan tanki nake haɗawa da sensa HC-SR04, mai ido biyun nan da ke harba sauti na 40kHz ya jira amsa-kuwwa. Na ƙi sa Arduino, ɗan allon da ake rubuta wa manhaja, don taurin kai irin nawa, na ce da aisi (IC, ƙananan cif masu ƙafafu) zalla zan yi. 555 na farko, aisin da ke bada bugu a kan lokaci, yana bada bugun Trig mai umartar sensa ya harba sauti ta cikin get ɗin lojik NAND na CD4011 da na mayar mai juyawa, 555 na biyu yana gudu wajen 17kHz saboda duk maikrosakan 58 na Echo, siginar da sensa ke riƙewa sama har amsa-kuwwa ta dawo, santimita ɗaya ne, sai AND ɗin CD4081 ya bar bugun ya wuce iya lokacin da Echo ke sama, CD4026 guda uku su ƙirga su nuna lamba. A takarda kam tsaf. Amma a tebur, na auna bango mita ɗaya sai in ga 100, sai 37, sai 000, sai 100 kuma, kamar mai aljanu. Abin da ya fi ɗaure min kai, da fawa bank nake ba shi wuta amma in NEPA suka ɗauke sai ya ɗan natsu. Na canza sensa har sau biyu, na tsine wa wanda ya saida min a zuci, Allah Ya yafe min bawan Allah ba laifinsa. Maltimita kuma ba abin da za ta gaya maka, bugun Trig na maikrosakan 10 ya wuce kafin ta farga.

Da analaizan ya iso sai da ya ɗan wahalar da ni. Ba takarda ba komai a ledar, kebul ɗin USB da ya zo da shi kuma shara ne, kwamfuta ta gani ta daina gani, sai da na zaro na wata tsohuwar kyamara. A Windows dole ka sa direba da manhajar Zadig sannan PulseView, mai zana siginar a allo, ya gane shi da sunan fx2lafw, manhajar kyauta ce ta sigrok. Wanda bai san wannan ba zai rantse an saida masa mataccen kaya.

Na maƙala layi huɗu, Trig da Echo da bugun 17kHz da fitar AND, na haɗa GND, wato layin negetib, na sa gudun ɗaukar samfur 2MHz don ya ishe ni. Wallahi minti biyar ba a yi ba. Echo lafiya lau yake in ya samu dama, wajen milisakan 5.8 daidai da mita ɗaya. Trig ne ya haukace, maimakon bugu ɗaya duk rabin sakan sai ga wasu bugun suna shigowa, na ja alama tsakaninsu na ga milisakan 20 cif, nan take na dafe kai don 50Hz ne, wutar gida ke nan. Na duba CD4011 ɗin, ƙafa ta 1 tana kan 555 amma ƙafa ta 2 da ya kamata in ɗaure su tare wayarta ta faɗa ramin gefe a bredibod, tana lilo a iska. Aisin CMOS irin CD4011 kuwa in ka bar masa ƙafar shiga a sake eriya ce, duk abin da ke yawo a ɗakin sai ta kwaso. Tunda bugun Trig ɗin ne kuma na kai ƙafa ta 15 ta CD4026 yana goge ƙirga, shi ya sa lambar ke rawa. Na gyara wayar, na ɗaure sauran ƙafafun shiga da ba sa aiki zuwa GND, na ƙara kapasita 100nF kusa da ƙafa ta 14, ƙafar wuta, ta CD4011 da CD4081, shiru kake ji.

Amma kar wani ya siya da tunanin osiloskop, na'urar da ke zana ainihin hawa da saukar bolteji, ya samu a banza. Sama da ƙasa kawai ya sani, ko 1 ko 0, in boltejinka ya zube rabi ba zai nuna ba, kuma raunanan siginar da ke fitowa daga idon sensa kafin a ƙara mata ƙarfi ba hurumin sa ba ce. Kar ka kuskura ka ɗana masa 12V. Na gwada 24MHz ɗin ma a tsohuwar laftof ɗina, yana farawa yake katsewa, 12MHz ne ya zauna. Wayoyinsa kuma ba su da ɗan maƙalli, sai ka siya daban in ba haka ba kana riƙe waya da hannu ɗaya kana danna maus da ɗaya.

Yanzu saura in hau kan tanki in sake saita 555 na biyun da rana tsaka, don sauti ya fi sauri in an yi zafi, mita 343 a sakan a digiri 20 amma ya kai mita 355 a digiri 40, kuma saman tankinmu a watan Afrilu ko ƙadangare ba ya zama.