Wata bakwai da Minolta X-300 a Garwa

A mace kyamarar nan ta zo hannuna. Wani dattijo mai hoto a unguwar Yelwa, wanda ya rufe shagonsa tun da wayar hannu ta kwashe masa kasuwa, shi ya ciro mini ita daga akwatin ƙarfe, a naɗe cikin tsohon rawani. Ya ce, "Ɗana, ta ci biki ta ci suna, amma yanzu hannunta ya ƙage." Na ce, "Baba, a sa mata kuɗi, ni zan ji da ita." Muka daidaita a kan sefa 15,000, har da gilashinta na gaba, samfurin MD na Minolta, mai milimita 50.

Yau wata bakwai ke nan da na tashe ta, fim biyar sun bi ta cikinta. Duk wanda ke sha'awar koyon gyaran tsofaffin kyamarorin fim masu aiki da batir, ni dai da ita zan ce ya fara, domin ciwonta sananne ne, maganinsa kuma bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Kamfanin Minolta na Japan ya fito da ita a 1984, a Amurka kuma X-370 ake kiranta. Ƙananan batir biyu take ci, LR44 ko SR44, waɗanda ba sa wuyar samu wajen masu agogo a babbar kasuwa. Da na sa mata sababbi, jajayen fitilun cikin tagar leƙe suka kama. Ina danna maɓallin ɗauka sai su ɗauke ɗif, labulen da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim bai motsa ba, hannun naɗe fim kuma ya ƙi gaba. A nan mutane da yawa suke kashe kyamara: sai su sa ƙarfi su murɗa hannun, su karya haƙoran ciki. Kada ka taɓa yin haka. Hannun lafiyarsa lau, jira yake labule ya saki.

Matsalar tana ƙarƙashin farantin gindi. Akwai wata ƴar kafasita a wurin, wadda masu gyaran rediyo a nan suke ce wa kondansatar, mai maikurofarad 220 da bolt 4. Ita ke tara wutar da ke sakin labule. Akwai ruwa a cikin irinta, kuma shekara 40 ta isa ya bushe ko ya tsiyaye. Tsufa ne kawai, balle a gari irin namu da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Tawa har ta yi kore a ƙafa. Na samo sabuwa mai bolt 6.3 wajen wani mai gyaran waya, na zaɓi mafi ƙanƙanta don wurin a matse yake. Kafin in cire tsohuwar sai da na ɗauki hotonta da waya, saboda ƙafafun ba ɗaya ba ne: ɓangaren da ke da zane a jiki shi ne mai alamar ɗebewa, in ka juya su ka yi aikin banza. Allon da take zaune a kai siriri ne ƙwarai, ba ya son zafi. Ƙarfe mai tsinin baki, dalma kaɗan, taɓawa ɗaya ka ɗaga. Da na mayar da batir na danna, sai na ji "kas". Na daɗe zaune ina dannawa ina saurare.

Wani abu da ya ci mini rai, kusoshin. Kan kusoshin kyamarorin Japan samfurin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, ya yi kama da na sukundireba mai baki huɗu da muka saba, amma ba ɗaya ba ne. Mai kayan aikin da na je wajensa ya rantse mini duk ɗaya ne, na yarda, na cinye kan kusa guda. Kwana biyu na yi kafin ta fita. Nemi JIS tun kafin ka buɗe komai.

Fim na farko, Ilford HP5, ya fito da farin zane a gefen kusan kowane hoto. Soson da ke tare haske a bakin murfin baya ya narke ya zama kamar kwalta. Na kankare shi da tsinken sakace da auduga da sifirit, na yanka sabo na liƙa, musamman wajen maratayar murfin. Tun daga nan haske bai ƙara shiga ba. Sai dai kada sifirit ko yatsa ya kusanci labulen, ƙyalle ne, ko gilashin saita hoto da ke saman madubi.

Wajen aiki kuwa, ta faranta mini. Tagar leƙenta tana da haske, har da magariba ina iya saita fuskar mutum. Ka zaɓi faɗin ƙofar haske, ita ta zaɓi gudun labule, ko kuma ka saita komai da kanka daga daƙiƙa 1 zuwa kashi ɗaya cikin 1000. Na ɗauki masunta a bakin Binuwai da sassafe, rana na bayansu, na kulle awon haske a kan kwalekwale, fuskoki suka fito sarai. Ba ta da nauyi, ina rataya ta in hau babur ba ta dame ni.

Inda ta gaza ma zan faɗa. In batir ya mutu, ta mutu, ko hoto ɗaya ba za ka samu ba, don haka kullum da wasu biyu a aljihuna. Da tsakar rana a nan, fim mai lamba 400, wato mai saurin kama haske, ya yi mata yawa. Gudunta na ƙarshe ba ya isa sai ka tsuke ƙofar haske sosai. Jikinta kuma roba ta fi yawa, ba ta son faɗuwa.

Wahalar gaske ba a kyamarar take ba, a fim take. Sai na yi saƙo ake kawo mini, in adana a firji. Wankin baƙi da fari a gida nake yi, kuma maganin wankin, digiri 20 yake so, alhali ruwan famfonmu da rana kamar an ɗora a wuta. Da asuba nake haɗawa, da ruwan randa da ƙanƙara, ma'aunin zafi a hannu. Ƙurar hunturu kuwa ta sa na koma shanya fim a banɗaki bayan na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa.

Yanzu yayarta ce a kan teburina, X-700 ta 1981, da alamar ciwo iri ɗaya. Ita kafasita biyu gare ta, ɗaya a gindi, ɗaya a ƙarƙashin murfin sama inda wayoyi suka cunkushe. Ta gindin na riga na canza. Ta saman ba zan buɗe ba sai hunturu ya wuce, ƙura ta kwanta.