Wata takwas ina karɓar kwandon cefane daga gona: abin da na gani

Tun watan Janairu nake karɓar kwandon kayan miya duk ranar Asabar daga wajen wata baiwar Allah da ke saro su a hannun manoman Kura da Kadawa, tana tallatawa a WhatsApp. Likita ne ya ce maigidan ya rage gishiri da dunƙule ya yawaita ganye, ni kuma aiki ba ya barina zuwa kasuwar Yankaba ta Kano sai jefi-jefi. Ƙa'idarta guda ce: ba ke za ki zaɓa ba, abin da gona ta bayar a makon shi za a zubo miki.

Wata ukun farko sai hamdala. Lokacin noman rani ne, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala tun 1974, yana ratsa gonakin yankin, tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan. Wanda ake kawo min jajawur ne mai tauri, in kika yanka tsoka ta fi ruwa yawa, shi ya sa miya ba ta daɗewa a wuta ta yi kauri. Ga attaruhu da tattasai, ga albasa da lawashinta, karas ma da ƙasar gona a jikinsa yake zuwa. Ita ta ba ni shawarar in ƙara kwando guda na tumatir zalla tunda yana araha, in yanyanka in shanya. Na baza a tabarma na rufe da gidan sauro saboda ƙura, iskar hunturu ta busar min da shi ƙarau.

Da damina ta kankama sai kwando ya sauya kama. Na buɗe wata Asabar na tarar da tumatir guda shida kacal, sauran duk ganye ne: zogale, rama, tafasa, yakuwa, alayyafo, sai ɗanyar kuɓewa. Na kira ta raina a ɓace. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tumatir ba ya shiri da ruwan sama. Na kasuwa yanzu ga tsada ga saurin ruɓewa. Ki fito da kauɗarki." Gaskiya ta faɗa, kuma waɗannan watannin su na fi jin daɗi. Rabona da kwaɗon tafasa tun ina yarinya a gaban kakata, Allah Ya ji ƙanta. Ranar da na dafa na matse na zuba ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan man gyaɗa, ƙamshin kaɗai ya tuna min da tsakar gidanta. Faten tsaki da yakuwa ya zama abincin Lahadi, dambun zogale kuwa yaran da ke tsince ganye daga cikin miya yanzu su ke tambayar yaushe za a sake. Daddawar kalwa da take haɗowa ita ta maye min gurbin rabin dunƙulen da nake sawa.

Ɓangaren hatsi akwai yabo akwai gyara. Accarta daga Filato take zuwa, wankakkiya tas, ban taɓa tauna yashi ba, kuma duk wadda ta taɓa wanke acca ta san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shinkafa 'yar gida dai sai kin rege, tsakuwa ba ta ƙarewa.

Inda nake da ƙorafi sosai shi ne lokaci. A ce ƙarfe goma, mai adaidaita ya iso bayan la'asar, latas ya riga ya yi yaushi a rana. Sau biyu kuma aka ƙara kuɗi ba sanarwa, sai a bakin ɗan aike na ji. Ban ƙi ƙarin ba, kowa ya san kuɗin mota, amma a faɗa wa mutum tun da wuri. Sannan ganyen ya yi wa ƙaramin gida yawa. In babu wuta, alayyafo kwana biyu yake yi ya fara narkewa, sai dai ki raba wa maƙwabta ko ki shanya wanda ke shanyuwa. Na roƙe ta ta riƙa kawo rabin kwando sau biyu a mako, ta ce tana dubawa.

Jiya ta turo saƙo cewa sabon gero da kabewa sun kusa shigowa. Na riga na tura mata kuɗin Satumba, na kuma ce ta haɗo min da ɗanyar gyaɗa saboda miyar taushe.