Daga Tokyo: Kafin in sayo maka filtar kyamara

Assalamu alaikum ƙanina. Da fatan su Inna da sauran mutanen gida kowa lafiya. Saƙonka ya iso, inda ka ce in sayo maka filta mai kyau, ɗan gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, tunda ina ƙasar masu kyamara. Zan saya in sha Allahu, amma ba da wannan bayanin naka ba, don ko sunan kyamarar ba ka rubuto ba. "Ƙaramar Sony ce" ba ya sayen komai a nan.

Babbar kyamara, irin wadda ake sauya wa gilashi, tana da zare a bakin gilashinta inda ake murɗa filta, kuma an rubuta faɗin bakin kusa da alamar ø, kamar 52 ko 58, a ma'aunin milimita. Ka faɗi lambar kawai a miƙo maka. Ƙaramar kyamara ta aljihu kuwa yawanci ba ta da wannan zaren, domin gilashinta yana fitowa ne idan an kunna, ya koma ciki idan an kashe. Saboda haka sai an fara samo adafta, kuma kowace kyamara da tata. Ricoh GR III tana karɓar GA-1, wani ɗan bututu da ake ɗaurawa bayan an cire zoben gaba, sannan filta mai lamba 49 ta hau. Ƙanwarta GR IIIx, duk da kamannin da suke yi, GA-2 take so. Jerin X100 na Fujifilm suna da zobensu, AR-X100, shi ma 49. Olympus TG-6 tana da CLA-T01, bakinsa 40.5. Panasonic LX100 ce ta hutar da mai ita, tana da zaren 43 a jikinta.

In taka daga cikin jerin RX100 na Sony ce, to hanyar da aka fi bi ita ce zobe mai gam da ake liƙawa a gaban gilashin, filtar ta hau kansa, wasu da murɗi, wasu da maganaɗisu. Ni dai raina bai kwanta da shi ba. Zafin Afrilu a Kano ba abokin gam ba ne, sannan duk nauyin da ka rataya a nan, ɗan injin da ke tura gilashi waje ne zai ɗauke shi. Idan dole ce, a sa filta ɗaya, mara nauyi, kar a jera biyu.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ake sayarwa, ba kayan kansu ba. A Yodobashi na Shinjuku ko na Akihabara, da Bic Camera, filtoci ne rataye reras, an ware su lamba-lamba: Kenko, Marumi, da na kamfanonin kyamarar kansu. Ka nuna wa ɗan shagon kyamararka, ba zai ce maka "zai shiga" daga ganin ido ba. Zai juya ta ya karanta lambar da ke jikinta, ya buɗe kundin kamfani ya bi layi da yatsa, in babu adaftarta ya gaya maka babu, ko da kuwa hakan na nufin ka fita ba ka sayi komai ba. A gida ka san yadda take: a ɗauko wadda ta kusa, a matsa, in ta ƙi a ce bari yaro ya karɓo wata a shagon maƙwabci. Ba na ganin laifin ɗan kasuwarmu sosai. Kayan da ba a tambaya sai jifa-jifa, wa zai zuba jarinsa a kai? Kuma akwai abin da ya fi su: za ka taya, ya rage maka, gobe ma ya ba ka bashi. A nan farashin da ke maƙale shi ne farashi, har da harajin kashi 10 cikin 100 da ake caja tun 2019. Rangwamen da ake yi wa baƙi masu yawon buɗe ido bai shafi irinmu mazauna ba. Abin da muke samu shi ne maki a katin shago, galibi kashi 10, wanda ake sayayya da shi wani zuwan.

Gwanjonsu ma abin kallo ne. A Map Camera da ke Shinjuku da Fujiya Camera da ke Nakano, kowane kaya na hannu an ba shi matsayi, an rubuta aibinsa a takarda, ko ɗan ƙarce ne a gefen zobe. Wanda ya lalace kuma an ware shi a kwandonsa daban, mai saye ya san abin da ya ɗauka. Adaftar tsohuwar kyamara da aka daina ƙerawa, irin Canon G12, a irin waɗannan wurare ake dacewa da ita.

To wace filta? Masu launi-launi ka manta da su, wayarka ma tana yin aikinsu. Farar nan ta kariya, wadda ake rubuta wa UV, sunan wani hasken rana da ido ba ya gani, ba ta ƙara wa hoto kyau, don sensar kyamarar zamani, wato abin da ke ɗaukar hoton a cikinta, tana da nata abin tace wannan hasken. Amfaninta a wurinmu ƙura ce. Mutanen nan damuwarsu laima, musamman a damunarsu ta Yuni da Yuli, shi ya sa suke adana kyamara a akwatin busarwa don kada gilashi ya yi fumfuna. Mu kuwa hunturu ne, kuma gilashin da ke shiga yana fita yana iya jan ƙura har kan sensa, inda ba ka isa ka goge ba sai an kwance kyamarar. Bututu mai filta a baki yana rage wannan. Fujifilm ma da kansu sun ce X100V ba ta cika mai jure ƙura da yayyafi ba sai an ɗaura mata zobe da filtar kariya. Sai dai a sayi mai rufi mai kyau. Mai arha, da ka fuskanci fitilun wurin dina da daddare, za ka ga koren tabo yana yawo a hoton.

Ta biyu ita ce CPL, mai zobe biyu da ake juyawa. Ita ce kwamfuta ba ta iya kwaikwayon aikinta, don tana kashe ƙyallin ruwa da gilashin mota da ganye, ta zurfafa shuɗin sama, musamman idan rana tana gefenka. Tana cin haske, don haka ba ta cikin ɗaki ba ce, kuma hazon Janairu ba za ta wanke maka shi ba. Ka kuma lura da ita ranar ɗaurin aure: ƙyallin shadda ma tana dusashe shi, kuma angon da ya kashe kuɗi don shaddarsa ta yi walƙiya ba zai gode maka ba. A nemi mai siririn zobe, mai kauri tana baƙanta kusurwoyin hoto.

Ta uku ND, baƙar da ke rage haske, don bidiyo a tsakar rana. ND8 tana barin kashi ɗaya cikin 8 na hasken ya wuce. Kafin ka ce in saya, duba cikin kyamarar, domin RX100 III da IV da V suna da ita a ciki, I da II da VI da VII ne ba su da ita.

Game da kuɗi, kar ka zaci Japan arha ce. Kayan China irin su K&F Concept sun fi sauƙi, kuma ga mai ɗaukar hoton suna da biki sun isa. Abin da zan fi so in kashe wa kuɗi a nan shi ne adafta ta asali da CPL guda ɗaya mai kyau, lamba 49 ko 52, don ko ka sauya kyamara, ɗan zoben ƙari mai arha zai haɗa su.

Ka juya kyamarar ka ɗauki hoton takardar da ke ƙasanta, inda lambar samfurin take, da kuma bakin gilashin a kunne, ka turo min ta WhatsApp. Akwai mai tahowa gida kafin Sallah, zan ba shi tare da ɗan famfon hure ƙura. A gaida Inna.