Husqvarna Z254F a filayen Kumasi: tana da sauri, amma a duba giyarta kafin a biya

Wanda ya saba ganin leburori shida da adduna suna wuni a filin makaranta zai sha mamakin wannan na'ura. Husqvarna Z254F injin yankan ciyawa ce da ake hawa, irin mai juyawa a wuri ɗaya. Ba ta da sitiyari. Sanduna biyu ne a hannun direba, kowace tana sarrafa tayar baya guda ta hanyar giyarta mai aiki da mai. Ka tura ta dama gaba, ka ja ta hagu baya, sai ta juya a inda take tsaye. Kwanon wuƙaƙenta faɗin inci 54 ne, wato kusan santimita 137, wuƙaƙe uku a ciki, kuma ƙarfe ne da aka yi wa walda, ya fi wanda aka danna a inji jure bugun dutse. Tana gudun kusan kilomita 10 a awa. Filin ƙwallo cikakke, idan shimfiɗaɗɗe ne kuma ciyawar a bushe, ba ya kai ta awa guda.

Wadda ta fi dacewa a nema ita ce mai injin Kawasaki FR691V, silinda biyu, cc 726. Inji ne mai haƙuri, kuma duk bakaniken da ya iya janareto a Magazin na Suame, unguwar bakanikai a Kumasi, zai gane kansa. Yana ɗaukar baƙin mai lita 2.1 idan an canza har da filta. A juye mai duk awa 100 na aiki, filta duk awa 200. Inda yake da rauni shi ne matatar iska: ƙarama ce ta takarda, an yi ta don gidajen Amurka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ƙurar hunturu, a buɗe ta bayan kowane aiki a kakkaɓe a hankali. Kada a hura mata iskar famfon faci, takardar na yagewa, ƙura ta wuce cikin silinda, bayan 'yan watanni inji ya fara hayaƙi yana shan mai.

Babbar magana tana wajen giya. Wannan samfuri yana zuwa da giya ƙirar Hydro-Gear EZT, wadda aka rufe ruf tun daga masana'anta, ba a tanadi filtar da mai ita zai canza ba. Ga gida mai eka ɗaya zuwa uku, ko harabar masallaci da filin Idi da ake yankewa sau ɗaya a mako, ta isa. Amma mai kwangilar da zai kwashe ta daga otal zuwa makaranta kullum, awa shida a rana, zai gajiyar da ita da wuri. Irinsa ya nemi na'ura mai giya ƙirar ZT-2800 ko ZT-3100, waɗanda ake juye musu mai 20W-50 a canza filta duk awa 400. Zafi ne ke kashe giyar nan. Kowace cikin giyoyin biyu tana da 'yar fanka a kanta, kuma ɗanyar ciyawar damina tana toshe ta. A share da buroshi bayan aiki, kada a watsa ruwa tana da zafi. Mai sayen ta hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema ya tuƙa ta minti ashirin cur kafin ya yi ciniki. Giyar da ta mutu tana ja lafiya da sanyi, sai ta ɗauki zafi gefe ɗaya ya fara kasala, na'urar ta riƙa karkata. Idan kuma inji ya ƙi tashi, a ja sandunan sakin giya na baya kafin a tura ta.

Kumasi na da damina biyu, kuma daga Afrilu zuwa Yuli kiri-kiri ba ta jiran kowa. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da sulusin tsawon ciyawa a yanka ɗaya. Idan ta kai santimita 9, a mayar da ita 6. Filin da tofa ta cinye ta kai gwiwa, a fara sare shi da adda ko injin rataye, in ba haka ba bel zai zame ya ƙone. A jira raɓa ta bushe, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa tana dunƙulewa a ƙarƙashin kwano ta kawo tsatsa. Tsakuwar jar ƙasa kuwa tana dakushe wuƙa da sauri; a wasa duk awa 25, a rataye ta a ƙusa a ga ko ta daidaita, don wuƙar da gefe ɗaya ya fi nauyi tana cinye boris. Alamar dakushewa ita ce bakin ganye ya yi fari-fari ya yage washegari.

Abu biyu ke ɓata fili a hannun sabon direba. Na farko juyawa da ƙarfi a kan taya ɗaya, wadda ke murza ƙasa ta bar tabo. A ƙarshen layi a juya kamar mota, gaba, baya kaɗan, sannan gaba. Na biyu iskar taya: dukkansu psi 15, in ɗaya ta ragu yankan zai fito da tudu da kwari.

Gangare ba wurinta ba ne. Tayoyin gaba sakakku ne, ba birki ba tuƙi, don haka idan na baya suka zame a jiƙaƙƙen tudu ba abin da zai riƙe ta. Wurin da ya wuce digiri 10, ko bakin gata, a bar wa injin turawa. A auna ƙofa ma tukuna, faɗinta da bakin fitar ciyawa ya kusa santimita 170. Kuma a sayo bel ɗin kwano, saitin wuƙaƙe uku da matatar iska biyu tare da na'urar, domin bel ɗin mota ko da ya shiga ba ya daɗewa a kanta.